"Tun da aka rufe sansanin kwalara barci ya gagare ni": amsa ga wata ma'aikaciyar jinya

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar lafiya cikin jihar Tawa. Da kwalara ta ɓarke a yankinmu, an tura ni sansanin da aka keɓe marasa lafiya, na yi wajen wata biyu a can, ba dare ba rana. Lokacin ban ji komai ba, aiki kawai nake yi. Yanzu wata bakwai ke nan da rufe sansanin, amma barci ya gagare ni. In na ji warin ruwan jabel, wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, sai gabana ya faɗi, jikina ya ɗauki rawa. Akwai wata yarinya ƴar shekara kamar huɗu da ta cika a hannuna ina neman jijiyarta ban samu ba, kusan kullum sai na yi mafarkinta. Na zama mafaɗaciya, ƴaƴana har tsorona suke ji. Maigidana ya ce rashin tawakkali ne, mahaifiyata ta ce iska ce, a kai ni ruƙiyya. Na fara shan diyazefam kafin in kwanta. Shin haukacewa nake yi? In bar aikin ne?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan wata biyun nan da kika yi a sansani, ya jiƙan yarinyar da sauran waɗanda annobar ta tafi da su. In na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: mene ne wannan abin da ya same ki, me ya sa bai taso ba sai da aiki ya ƙare, kuma yaya za ki yi da shi, har da batun ƙwayar da kika fara sha da batun ajiye aiki. Ni ma jinya na fara yi kafin in koma fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, nan Tawa nake aiki, kuma abokan aikin da suka fito daga sansanonin annoba suna cikin mutanen da na fi zama da su. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: ba haukacewa kike yi ba. Duk abin da kika lissafa alamomi ne sanannu, an yi nazarinsu, kuma ana warkewa.

Ba a kanki aka fara ba

Ƙasarmu ta sha annoba. Sanƙarau na 1995 ya kama sama da mutum 40,000 a Nijar. A 2015 sanƙarau nau'in C, wanda rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ba ya kariya daga gare shi, ya mamaye Yamai har aka rufe makarantu, cibiyar jinya ta Lazare ta cika maƙil. Sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla nan jiharmu, a Cintabaraden da Tasara da Abalak. Kwalara ta yi ɓarna a Madarunfa a 2018, ta dawo a 2021 ta kama sama da mutum 5,000 a jihohi da dama, har da tamu. Korona ta shigo Yamai ranar 19 ga Maris 2020, mashaƙo ya biyo baya a 2023. A kowace ɗaya daga cikinsu rahoton mako yana ƙirga waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, da waɗanda suka rasu. Halin da mai riƙe da bokiti da safar hannu ya fita da shi ba ya cikin rahoton.

A wuraren da aka tsaya aka tambayi ma'aikatan, ga abin da aka samu. A farkon 2020 an bincika ma'aikatan lafiya 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin, akasarinsu a Wuhan da kewaye: kusan rabinsu suna da alamun ciwon damuwa, kashi 45 cikin ɗari suna fama da fargaba, kashi 34 ba sa samun barci. Waɗanda abin ya fi tsananta gare su su ne ma'aikatan jinya, da mata, da masu aiki kai tsaye a kan marasa lafiya. Bayan annobar SARS ta 2003, wata cutar numfashi, an koma wa ma'aikatan asibitocin Toronto a Kanada, bayan fiye da shekara guda, aka tarar waɗanda suka yi jinyar masu cutar sun fi sauran gajiyar zuciya da firgici. A wani asibitin Beijin kuma, da aka yi tambaya shekara 3 bayan annobar, kusan mutum ɗaya cikin goma ya nuna ya yi fama da alamun firgici masu tsanani. Ke wata bakwai kike magana, kin ga ba ki makara ba, ba ki kuma fita daban ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi faɗa wa ma'aikatan jinya ba ɓoyayye ba ne. Likita yakan zaga, ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Ke ce mai zama. Ke kike sauya ledar ƙarin ruwa, ke kike duba bokitin da ke ƙarƙashin gadon nan mai huda, ke uwar yaro take riƙe wa riga. Haɗarin ma a kanki ya fi sauka: a Ebolar da aka yi a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, ma'aikatan lafiya 881 suka kamu, 513 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu ma'aikatan jinya ne da mataimakansu. Ki haɗa da abin da ke jiran mace a gida: ki tuɓe a bakin ƙofa, ki yi wanka kafin ki taɓa ɗanki, maƙwabta su janye ƴaƴansu daga gidanki, sannan ki ɗora tukunya.

Me ya sa sai yanzu

Wadda ta ɗauko kaya mai nauyi a ka daga kasuwa ba ta jin wuyanta a hanya, sai ta sauke. Haka jiki yake yi da tashin hankali. Lokacin da gadaje suka cika, jiki yana sakin sinadaran gaggawa, adirenalin da kotizol, su ɗaga bugun zuciya, su kore barci da yunwa, su danne tausayi da tsoro don hannu ya iya aiki. Wannan "ban ji komai ba" da kika ce, shi ne ya ba ki ikon tsayawa wata biyu, rahama ce a lokacinta. Sai dai abin da aka danne bai tafi ko'ina ba.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadin haɗari ne. In mutum ya shiga mummunan tashin hankali, wannan sashe yana riƙe duk abin da ke wurin, wari da sauti da haske, ya ɗaura musu alamar haɗari. Wari ya fi kowanne kama shi, don hanyar hanci zuwa wannan sashe gajera ce ƙwarai. Sansanin kwalara kuwa ruwan jabel ne daga ƙofa har ƙofa: mai sauƙi na wanke hannu, matsakaici na feshin ƙasa da gadaje, mai ƙarfi na bokitai da gawa. Yau in kin shaƙi jabel a wanki, mai gadin nan ba ya tsayawa ya tambaya ko a gida kike, sai ya buga ƙararrawa, gaba ya faɗi, jiki ya yi rawa kafin tunani ya iso. Mafarkin ma daga nan yake. Abin da ya faru bai samu ya zauna cikin jerin abubuwan da suka wuce ba, don haka yake dawowa kamar yanzu yake faruwa.

Yawancin mutane irin waɗannan alamomi suna lafa musu da kansu cikin makonnin farko. In sun wuce wata guda, suna hana aiki da zaman gida, kuma sun haɗa abu uku, wato dawowar abin a mafarki ko a farke, da guje wa duk abin da ke tuna shi, da zama cikin ɗar-ɗar, to shi ne likitoci ke kira ciwon firgici na bayan masifa. Bayaninki ya yi kama da shi sosai. Amma daga wasiƙa ba a yanke hukunci, sai an zauna da ke, kuma sai an duba jikin ma: awon jini, hawan jini, maƙoƙo, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo bugun zuciya da rashin barci su ma.

Akwai wasu abu biyu da ke yawan rakiyar wannan ciwo, kuma yana da kyau a rarrabe su don maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ƙonewar zuciya da aiki: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, mutum ya ji marasa lafiya sun zame masa kaya, ya daina ganin amfanin abin da yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa shi cikin kundinta a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, kuma maganinsa hutu ne da gyaran tsarin aiki. Na biyu ciwon damuwa: baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, da rashin cin abinci, da ganin kai ba a bakin komai ba. Ba ki ambaci wannan ba, amma wanda zai duba ki zai tambaya.

Wani abokin aiki ya taɓa zuwa wurina bayan ya gama zaga ɗakunan awo da ciwon ciki da bugun zuciya, duk sakamako lafiya lau. Sai da hira ta yi nisa ya ce kullum in ya iso bakin asibiti yakan kashe babur ya zauna a kai, hannunsa a kan makulli, ya kasa shiga, har mai gadi ya fara tambayarsa ko lafiya. Ashe filin da ake ajiye babura nan aka kafa tantin annoba. Shi bai taɓa haɗa biyun ba. Maza sun fi zuwa da irin wannan, da sunan olsa ko hawan jini, don ciwon jiki ba a jin kunyar faɗarsa.

Yarinyar

A nan nake so in daɗe, don a ganina nan ne ƙullin yake. Na lura da yadda kika rubuta: "ina neman jijiyarta ban samu ba." Ba ki ce ta rasu kawai ba, kin sa kanki a cikin dalilin rasuwarta. A cikin waɗanda nake gani, ganin mutuwa shi kaɗai bai cika karya ma'aikacin jinya ba, mun saba da ita tun muna makaranta. Abin da ke karya shi shi ne mutuwar da ya san ana iya hana ta, ta faru a hannunsa, ba kayan aiki ko ba mataimaki, sannan ya haɗiye bai gaya wa kowa ba. Kwalara kuwa ta fi kowace cuta iya dasa wannan, domin duk mun san in an samu kulawa da wuri, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sai kowace gawa ta zama kamar tuhuma.

Da kina gabana, ga tambayoyin da zan yi miki, kuma ina so ki amsa su a takarda. Tun yaushe yarinyar ta fara amai da zawo kafin a kawo ta? Daga wane nisa aka taho da ita, a mota ko a amalanke? Da ta iso, ana jin bugun jini a wuyan hannunta? Gado nawa ke hannunki a daren, ku nawa ne a gardi, wato aikin kwana, awa nawa kika yi ba ki runtsa ba? Akwai allurar nan da ake sa wa cikin ƙashi in jijiya ta ɓace, akwai wanda aka koya wa sa ta? Kin fi ni sanin cewa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa, jijiyoyinsa shafewa suke yi, ƙwararrun da suka shekara talatin suna sa allura ma suna nema su rasa. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi, balle ƴar shekara huɗu. Tsawon hanyar da aka yi da ita, da ruwan da ta sha a garinsu, da yawan ma'aikatan da aka turo, ba ɗaya da ke hannunki. Abin da ke hannunki shi ne ki tsaya ki nema, kuma kin tsaya kin nema har ta cika. Ba ta rasu ita kaɗai a kan gado ba.

Na san karanta wannan sau ɗaya ba zai cire abin ba. Zuciya tana yanke wa kanta hukunci ne da abin da ta sani yau, ta manta halin da ake ciki a daren. Shi ya sa ake son a faɗi labarin tiryan-tiryan, daga isowarta har zuwa lokacin da aka rufe ta, a gaban wanda ya san aikin. Sau da yawa a tsakiyar bayani mutum yake jin bakinsa ya faɗi abin da ya manta, kamar cewa akwai wasu yara uku a tantin da ya sa wa ruwa a daren kuma suka tashi. In kuma bayan an duba an ga akwai abin da da an yi shi daban, to wannan darasi ne na sansanin gaba ɗaya, a gyara shi kafin annoba ta gaba, ba laifin da mutum ɗaya zai ɗauka ya kai kabari ba.

Tawakkali da iska

Maigidanki da mahaifiyarki suna nema miki sauƙi ne da abin da suka sani, kada ki yi faɗa da su. Amma maganar rashin tawakkali ban yarda da ita ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba a dai faɗin abin da Allah ba ya so. Faɗuwar gaba saboda warin jabel ba zaɓi ba ne balle a ce an gaza a imani, kamar yadda zazzaɓi ba zaɓi ba ne. Na ga masu tsayuwar dare da wannan ciwo. Abin da na ga yana taimakawa ƙwarai shi ne imani da ƙaddara in aka fahimce shi daidai: an ɗora miki yin sababi, ba a ɗora miki rayarwa ba. Ya kuma inganta a hadisi cewa wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin shahidai, ki riƙe wannan game da mutanen da kika yi jinya.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar ɗin kwanciya, ki ci gaba da su, suna kwantar da zuciya kuma ba sa karo da magani. Abin da zan hana ki shi ne duk wurin da ake duka, ko shaƙa hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko ɗaure mutum, ko a ce ki bar zuwa asibiti. Wanda jikinsa ke cikin firgici, irin wannan ƙara masa yake yi. In da hali, ki tafi da maigidanki ranar da za a duba ki. Na sha ganin miji ya sauko da ya ji bayanin daga bakin ma'aikaci, har ya zama shi ke tashi ya zauna da ita in mafarkin ya tashe ta.

Maganar diyazefam

Wannan ita ce ta fi gaggawa a wasiƙarki. Mu ma'aikatan lafiya makullin kabad ɗin magani yana kusa da mu, shi ya sa muke saurin faɗawa. Diyazefam yana sa barci a daren farko, amma jiki yana sabawa da shi cikin ƴan makonni, ƙwaya ɗaya ta daina isa, kuma ba ya taɓa tushen ciwon. Tun 2013 OMS ta ba da shawarar kada a ba da irin wannan magani don firgici ko rashin barcin da ke biyo bayan masifa, don akwai alamun yana jinkirta warkewa. In kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke shi dare ɗaya, yin haka yana iya kawo rawar jiki da tsananin fargaba, wani lokaci har da farfaɗiya. A rage shi sannu a hankali a hannun likita, kuma ki faɗa masa gaskiyar adadin da kike sha. Tramol kuwa, da wasu abokan aiki ke sha don su iya tsayuwar gardi, kada ki kusance shi ko kaɗan.

Maganin da ya fi aiki a kan wannan ciwo na zama ne da magana, ba hira kawai ba, tsararren aiki ne na makonni: a bi labarin daki-daki cikin natsuwa har ya daina tayar da jiki, a warware hukuncin da zuciya ta yanke wa kanta, a koma sannu a hankali ga abubuwan da ake gudu. Akwai kuma hanyar EMDR, inda ake tuna abin ana bin motsi da ido, ita ma OMS ta amince da ita, sai dai masu yin ta kaɗan ne. In alamun sun yi tsanani, ko akwai ciwon damuwa tare, likita yana iya rubuta maganin ciwon damuwa, fuluwoksetin ko makamancinsa. Ba ya aiki sai bayan mako biyu zuwa shida, ana shan sa watanni, kuma ba ya kama mutum kamar diyazefam. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko.

Ki nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jiha, ko likitan gunduma da ya samu horon mhGAP, shirin da OMS ta fito da shi a 2008 don likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari su iya kula da irin waɗannan matsaloli. A Yamai akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E. Na san abin da ke hana irinmu zuwa: kowa ya san kowa, kina tsoron a ga kin shiga ofishin a kai labari. Sirrinki haƙƙinki ne kamar na kowane mara lafiya, kuma in kin fi sakewa da wanda bai san ki ba, ki je wata gunduma. Abu ɗaya ne ba ya jira: in kin fara jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa a ranar, ki ba shi ƙwayoyin da ke hannunki ya ajiye, a kai ki asibiti ba sai gobe ba.

Kafin ki samu ganin wani, ga abin da za ki fara. In gaba ya faɗi, ki zauna, ki dafa ƙafa a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ya fi jan tsawo, ki ambaci abubuwan da idonki ke gani a ɗakin da sunansu, ki gaya wa kanki ranar yau da inda kike. Shayi mai ƙarfi da kofi su tsaya daga la'asar. Ki riƙe lokacin tashi ɗaya ko daren bai yi daɗi ba. Jabel kuma kada ki kore shi daga gidan, gudu yana ƙara wa tsoro ƙarfi. Ki ɗiga kaɗan a bokitin ruwa da rana, wani da kika yarda da shi yana kusa, ki zauna nesa kaɗan kina numfashin nan har faɗuwar gaban ta sauka da kanta, gobe ki matso. In abin ya fi ƙarfinki ki dakata sai kin samu mai rakiya a cikin ma'aikata. Yaran kuma ki gaya musu da bakinki cewa Mama ba ta da lafiya ne, ana yi mata magani, ba su suka yi laifi ba. Yaro in ba a gaya masa ba, kansa yake ɗora wa.

Sannan ki nemi ɗaya daga cikin waɗanda kuka yi sansanin tare, ki tambaye ta yadda take barci. Zan yi mamaki in ke kaɗai ce.

Ga majo, shugaban ma'aikatan jinya, da shugabannin gunduma

Ba zan rufe ba sai na yi magana da waɗanda ke tsara aiki, domin rabin wannan ciwo a jadawalin gardi ake hana shi. Wata biyu dare da rana a tanti ɗaya bai kamata a yi wa kowa ba. A kafa ranar hutu da ba a taɓawa, a riƙa juya ma'aikata tsakanin tantin masu tsanani da na masu murmurewa, a haɗa sabo da tsohon hannu su riƙa duba juna, a tanadi ruwan sha da abinci da wurin kwanciya. In an yi rasuwa, a zauna a duba ta ba tare da neman wanda za a ɗora wa ba. Kada a tara mutane a tilasta wa kowa ya faɗi abin da ya gani a zama ɗaya, an gwada wannan an ga ba ya hana ciwon, OMS ma ta ce a bar shi. Abin da ake so shi ne taimakon farko na zuciya: a lura da wanda ya sauya, a saurare shi in yana son magana, a haɗa shi da abin da yake bukata. Bayan an naɗe tanti, a sake neman kowa bayan wata ɗaya da bayan wata uku, lokacin ne abin ke fitowa. A sa ƴan kwantaragi da ƴan sa-kai a lissafi, da masu feshi da masu shara da masu wankan gawa, waɗanda suka fi kowa taɓa abin da ake gudu. Kuɗin da aka yi wa ma'aikaci alkawari kuma a biya shi a kan lokaci, don wanda ya sa ransa a haɗari sannan ya koma yana bin haƙƙinsa ofis-ofis, ciwonsa ninkuwa yake yi.

Batun barin aiki kuwa, shawarata kada ki yanke shi yanzu. Mutumin da ya yi wata bakwai ba barci ba ya ganin abu yadda yake, kuma barin aiki a wannan hali yakan zama wani nau'in gudu, ga rashin albashi ya ƙaru a kan damuwa. Ki nemi hutun rashin lafiya ta hannun likitan da ya duba ki, in kin dawo ki roƙi a sa ki wani sashe mai sauƙi na ɗan lokaci, kamar rigakafi ko awon ciki, ba gardi. In wata annoba ta taso kafin ki warke, kina da damar ki kai takardar likita ki ce a ba ki aikin da ba na cikin tanti ba, kamar wayar da kai ko rabon ruwan gishiri da sukari. Bayan wata uku zuwa shida da fara magani, in barci ya dawo, ki sake ɗauko tambayar ki duba ta tare da maigidanki. Wasu da na sani sun koma sansani da ƙafarsu, wasu sun zaɓi wani fannin jinya suka zauna a can, kuma dukansu suna aikinsu lafiya. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata, ki rubuto mini bayan kin ga likita in ji yadda aka tsara rage ƙwayar.